Idan Abinci Bai Karɓi Yaro Ba

(Taken shiri)

Jama'a masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na lafiyar iyali. Ina gaida mutanen Maigatari ciki da waje, da na Gumel, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka wajen Dungas da Magarya. Iyayena mata da ke bakin murhu, sannunku da hayaƙi. Maigida, kada ka ji an ce girki ka miƙe. Zauna, akwai naka kason a ciki.

Yau za mu tattauna a kan yaron da wani abinci bai karɓe shi ba. Ba mai tsirfa nake nufi ba, wanda zai ture tuwo ya ce sai taliya. Wannan yunwa ce maganinsa. Ina nufin yaron da za a dama kunun gyaɗa a raba wa yaran gida, kowa ya sha ya tashi garau, shi kuwa kafin a wanke kofuna leɓɓansa sun kumbura, idanu sun yi luhu-luhu, borin jini ya feso masa rudu-rudu, yana susa yana kuka. Wani ya kama amai. Wani kuma, Allah ya kiyaye, numfashinsa ya fara sarƙewa. Jibi a sake ba shi, abin ya sake dawowa. Shi ne ma'aikatan lafiya ke kira alajin abinci.

Allah ya yi wa kowane ɗan'adam garkuwar jiki, aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin irin wannan yaro garkuwar ce ke yin kuskure, kamar maigadin da aka ajiye don ɓarayi ya rufe baƙon arziki da duka. Da ta ga sinadarin gina jiki da ke cikin gyaɗa ko madara ko ƙwai, sai ta ɗauke shi abokin gaba, ta saki wasu sinadarai, babbansu histamin. Su ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, su matse hanyar iska, su sa jini ya yi ƙasa. Shi abincin lafiyarsa ƙalau. Bai lalace ba, ba a zuba masa komai ba, kuma ba a ɗaukar wannan lalura daga wani zuwa wani. Sai dai takan bi dangi. Gidan da ake fama da asma, ko yawan atishawa da hawaye, ko jaririn da fatarsa ke bushewa tana ƙaiƙayi mai naci, sun fi kusa da ita.

Ku lura da bambanci, don a nan ake ruɗewa. Ruɓaɓɓen abinci ba ya zaɓe. Yawancin waɗanda suka sa hannu a kwanon za su ji a cikinsu, kuma galibi sai an ɗan jima. Alaji kuwa mutum ɗaya yake kamawa, da wuri yake zuwa, daga 'yan mintoci zuwa awa 2, kuma kusan duk ranar da aka ci abin sai ya zo. Haka nan ba kowane borin jini ne na abinci ba. A yara ƙanana mura da zazzaɓi kan kawo shi sosai, wani lokaci magani ne, wani lokaci cizon ƙwaro. Wanda kuma in ya sha madara cikinsa ke ƙugi ya kumbura, ya yi ta zawo, amma babu ƙuraje babu kumburin fuska, galibi hanjinsa ne ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara. Wannan yana wahalar da mutum amma ba ya shaƙe shi, kuma da yawansu suna shan kindirmo lafiya.

Abincin da ya fi kawo wannan matsala sananne ne. A Amurka doka ta tilasta a rubuta guda 9 a jikin duk abincin da aka ƙunsa don sayarwa: madara, ƙwai, gyaɗa, alkama, waken suya, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, ƙwallaye irin su kashu, sai riɗi. Riɗi ne na ƙarshen shiga jerin, daga 1 ga Janairun 2023. Wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15 ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da aka cuɗa da riɗi ba a rubuta a jikin takardarsa ba, kuma rasuwarta ce ta haifar da sabuwar dokar da ta fara aiki a Oktoban 2021. Mu nan da riɗi ke cika kasuwarmu buhu-buhu har ana lodinsa zuwa ƙasashen waje, sai mu ji abin bambaraƙwai. To amma ku sake duba jerin nan. In an cire jatan lande da ƙaguwa, saura duk cimarmu ce ta yau da kullum.

Su can takarda suke karantawa kafin su saya. Mu ƙosan bakin titi ba shi da rubutu, kunun da maƙwabciya ta aiko da shi ba shi da rubutu. Ga shi kuma a wurinmu ɗa na kowa ne, don haka kowa ciyar da shi yake yi: kaka, gwaggo, abokiyar zama, maƙwabta, mai rumfar da ya ga yaron abokinsa ya miƙa masa tsinken tsire. Uwa ita kaɗai ba za ta iya tsare shi ba ko da ba ta runtsa ido. Abin da zai tsare shi shi ne duk mai miƙa masa abinci ya sani. Wannan ita ce maganata ta yau, sauran duk bayaninta ne.

Mu shiga madafi, mu fara da gyaɗa, don ita ta fi wuyar kaucewa. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce tun zamanin da jirgin Nguru ke ratsa Gagarawa yana jigilar buhunanta zuwa Kano, kuma ta shige mana tukunya ta ko'ina har mun daina ganinta. Uwa za ta ce ai ta daina ba shi gyaɗa. Madalla, Inna. Yajin da kika barbaɗa masa a ɗanwake fa, ba ki daka shi da ƙuli ba? Kwaɗon zogale, na rama, na tafasa, duk ƙuli ne. Miyar taushe da gyaɗa ake kaɗa ta. Dambu ana zuba masa, fate ana zuba masa. Tsire da garin ƙuli ake shafe shi, kilishi cikin tunkuza ake tsoma shi, gurasa bandashe kuwa ba sai an faɗa ba. Garin kunun yara da ake koya wa mata haɗawa a asibiti, gero ne da waken suya da gyaɗa. Kuma kada wani ya ce miki ai ta dahu. Wuta ba ta kashe wannan sinadari, suya ma ba ta kawar da shi.

Sai batun mai. Man ƙulin da matanmu ke matsewa a gida, mai ƙamshin nan, yana ɗauke da ragowar gyaɗar, saboda haka ba na wannan yaro ba ne. Man da kamfani ya tace sosai yawancin masu alaji suna ci lafiya, amma ga inda gizo ke saƙa: a kasuwarmu kowane farin mai sunansa man gyaɗa, ko na waken suya ne ko na kwakwar manja, kuma wanda ake aunawa a kwalba ba ka san me aka haɗa da me ba. Maigida, kai ke cefane. Ko dai ka sayi rufaffen mai wanda aka rubuta abin da aka yi shi da shi, ko a koma wa manja. Na san da tsada, amma kuɗin dare ɗaya a gadon asibiti ya fi shi.

Akwai kuma abin da ba a zuba ba amma ya shiga. Turmin da aka daka ƙuli da safe aka daka kayan miya da yamma. Injin markaɗen da ya gama gyaɗar wata ya karɓi tattasanki. Ludayin da ya fito daga wannan tukunya ya faɗa waccan. Man da aka soya kifi aka sake soya dankali. Ga yaron da alajinsa ke da ƙarfi, ɗan abin da ya manne a jikin ludayi ya isa. Maganin wannan ba shi da wuya: ruwa da sabulu. Ɗauraya kaɗai ba ta isa, goge hannu a zane bai isa ba, har man goge hannun nan da muka saba da shi lokacin korona ba ya cire ragowar gyaɗa. A ware masa kwanonsa da cokalinsa da kofinsa. In za a yi girki biyu, a fara da nasa a rufe. Kayan miyarsa kuma a jajjaga a gida ya fi a kai inji.

Ni dai shawarata, inda hali ya yi, a dafa tukunya ɗaya wadda kowa zai ci har da shi. Ya fi sauƙi ga mai girki, ya fi aminci, kuma yaro ba zai tashi yana jin shi bare ne a gidan ubansa ba. Ba mu rasa abin dafawa ba. Tuwon gero ko na dawa da miyar kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, babu wadda ta dogara da gyaɗa. Taushe a yi ta da kabewa, a kaɗa da agushi in yaron ya saba cinsa. Kunun tsamiya, kunun kanwa, koko, duk nasa ne. Yaji a daka masa nasa da barkono da citta da kanumfari da masoro, ba ƙuli. Masu kwaɗayin kwaɗo kuma su ci nasu a gefe, su wanke hannu da baki kafin su ɗauki ƙaninsu.

Wanda madara ce matsalarsa, a san cewa nono da kindirmo da man shanu da madarar gari duk abu ɗaya ne a wurinsa, haka alewar madara, tuwon madara, yawancin biskit da shayin mai shayi. Kada a ce bari a koma nonon akuya ko na tunkiya, sinadarinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, mafi yawan yaran nan shi ma ba ya karɓarsu. Fura a dama masa da ruwa, a ƙara masa wake da nama da zogale da miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu saboda ƙashinsa. Mai ƙwai kuma a kula da kek, da cincin, da awarar da aka tsoma a ruwan ƙwai, da kaskon mai shayi.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, har yanzu kuna tare da filin lafiyar iyali. Mun fito daga madafi, mu zauna a tsakar gida, don a nan aikin ya fi nauyi.

A ce gida ne na mata biyu. Ranar girkin amarya ce, ta yi taushe, ɗan uwargida ya ci, fuskarsa ta kumbura. Kun san abin da zai biyo baya, ba sai na faɗa ba. Kafin magariba magana ta kai gidan iyaye, an fara raɗa, wani ya ce sammu, wata ta ce an barbaɗa masa wani abu. Baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, gyaɗa ce ta zuba yadda uwarta ta koya mata. Zato zunubi ne, jama'a. Kafin a ɗora wa kowa laifi, a tambaya me aka sa a miyar, a kuma tuna ko yaron ya taɓa yin haka a ranar girkin uwarsa. Haka ita ma uwar yaron, kada kishi ko kara su hana ta buɗe baki. Wata ta gwammace ta riƙa hana ɗanta cin abincin abokiyar zamanta a ɓoye da ta je ta ce, “Yaya, gyaɗa ba ta karɓar yaron nan.” Sai a ce tana nuna bambanci, gaba ta ƙullu, yaron kuma wata rana ya faki ido ya ci. A nan ne maigida ya kamata ya tsaya. Ya tara iyalinsa, manya da yara, ya faɗa da bakinsa sau ɗaya a gaban kowa: wane ba ya cin abu kaza, likita ya hana, duk mai girki ta kiyaye. Idan ta fito daga bakinsa ta zama dokar gida. Idan ta fito daga bakin uwa kaɗai, sai a ce iyayi ne.

Sai kakanninmu, Allah ya ƙara musu lafiya. Hajiya za ta ce, “Mu da gyaɗa muka tashi, da ita muka raini ubanka, yau ne za a ce tana kisa? A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, zai saba.” Hajiya, ki gafarce ni, a nan ba za mu bi taki ba. Gaskiya ne a wasu ƙasashe likitoci suna saba wa jiki da gyaɗa a hankali, amma da awo suke yi, ana fara shi a asibiti, allurar ceto na ajiye a gefe. A tsakar gida ganganci ne, don tashin yau ba ya nuna yadda na gobe zai kasance. Yaron da jiya ƙaiƙayi kawai ya yi, gobe yana iya shaƙewa. Lokacin yaye kuma ya fi kowane lokaci haɗari, domin a lokacin ake ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, a yi ta lallashinsa da fura da nono da kunun gyaɗa. Duk mai kai yaro yaye, ya kai shi tare da bayaninsa. Surukuta ba ta hana wannan. In kina jin nauyin uwar mijinki, tura ɗanta ya faɗa mata.

Amma Hajiya tana da tata gaskiyar, kuma ilimin zamani ya ba ta. A 2015 Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan jarirai 640 waɗanda ake ji wa tsoron kamuwa da alajin gyaɗa. Rabi aka fara ba su ita tun ba su cika shekara ba, rabi aka hana su. Da suka kai shekara 5, waɗanda aka ba tun da wuri sun fi tsira nesa ba kusa ba, alajin ya ragu da wajen kashi 80 cikin 100. Ashe kunun gyaɗar da iyayenmu ke ba jariri kariya ne. Saboda haka jaririn da bai taɓa nuna komai ba, a ba shi nonon uwa zalla wata 6, daga nan a fara masa abincin gida har da kunun gyaɗa mai laushi da dafaffen ƙwai, sabon abu ɗaya bayan ɗaya don a gane wanda bai karɓe shi ba. Ban ce ƙwayar gyaɗa ba, wannan shaƙe ƙaramin yaro take yi. Jaririn da ke da ciwon fata mai tsanani, ko wanda ƙwai ya riga ya tayar masa, a fara ganin likita. Abin lura shi ne wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Ba magani ba ne ga wanda ya kamu.

Akwai wani kuskuren da ni ya fi ba ni tsoro a yankinmu, shi ne yawan hani. Yaro ya yi ƙuraje sau ɗaya, sai a hana shi ƙwai, a hana shi wake, a hana shi kifi, nono, gyaɗa, a bar shi da koko tsura. An guje wa ƙaiƙayi an faɗa tamowa, kuma kowa ya san yadda tamowa ke cin yara a ƙauyukanmu, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo. Gyaɗa dangin wake ce, amma mafi yawan yaran da gyaɗa ke tayar wa suna cin wake da ƙosai da alala lafiya. Aya kuwa ba ta haɗa komai da gyaɗa ba. Ko gwajin jini ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan 'yan makaranta a Gana ya gano yara da yawa da jininsu ya nuna alamar alajin gyaɗa, alhali suna cinta ba abin da ke samunsu, kuma masu binciken suka danganta hakan da tsutsar tsargiya da ke jikinsu. Don haka a gano abu ɗayan da ke tayar masa, a hana shi wannan, a sake masa sauran.

Hanyar ganowa tana farawa daga gare ki, Inna. Ki riƙe a ka, ko ki sa ɗan makaranta ya rubuta: me ya ci, me aka sa a ciki, bayan minti nawa abin ya fito, yaya ya yi. In akwai waya a ɗauki hoton fuskar da jikin, don sau da yawa kafin a isa asibiti borin ya kwanta. Da wannan bayani za ku je wurin ma'aikacin lafiya na kusa ko Babban Asibitin Gumel, in da buƙata a tura ku asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano. Yara da yawa masu alajin madara ko ƙwai suna rabuwa da shi in sun girma. Na gyaɗa ya fi naci, wajen 1 cikin 5 ne ke rabuwa da shi. Amma gwada ko ya rabu aikin likita ne a asibiti. Wata maganar kuma, abincin ledar nan da ake ba yara masu tamowa da gyaɗa da madarar gari ake yinsa. Ya ceci rayuka ba adadi, kada wanda ya ƙi karɓa saboda maganata. Sai dai in ɗanki ya taɓa kumbura da ɗayansu, ki faɗa wa ma'aikaciyar tun kafin ta miƙo miki.

Yaro kuma ba a ɗaki zai dawwama ba. Ranar Alhamis Maigatari ta cika ta batse, daga kara har rumfunan 'yan tsire, ga kantun riɗi, ga hallaka-kwabo, ga 'yan talla ta ko'ina. Da azumi kunun gyaɗa na yawo gida-gida na sadaka. Da Babbar Sallah nama da man ƙuli ake soya shi, a barbaɗe shi da yaji, yara su fita yawon Sallah kowane gida a cika musu hannu. Ga suna, ga biki. Ba za a kulle shi ba, kuma bai kamata ba. A ƙoshe shi kafin ya fita, a ƙulla masa nasa a kula, a haɗa shi da yayarsa ko wansa da ya san zancen. Tun yana shekara 3 ko 4 a koya masa ya ce, “Na gode, ba na cin gyaɗa, tana sa ni ciwo.” Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu cewa ƙin karɓar abin hannun babba rashin kunya ne. Wannan yaro a ba shi izini, manya kuma kada su ce ya raina su. Malamin firamare da na Islamiyya da mai sayar da abinci a bakin makaranta, duk a faɗa musu.

Zan faɗi wata magana, wanda ta ɓata wa ya yi haƙuri. Yaron da aka tabbatar yana da alaji mai ƙarfi, bai halatta a tura shi almajiranci wani gari ya ci da bara ba. Mai bara ba ya tambayar me aka sa a miya, kuma a kwano ɗaya ake haɗa masa na gida biyar. Ya yi karatunsa a gaban iyayensa, alarammomi ba su ƙare a garinmu ba.

Yanzu ku ajiye abin da kuke yi ku saurara da kyau. In abin ya tsaya a fata, ƙaiƙayi da borin jini da ɗan kumburin leɓe, yaro na wasa yana numfashi daidai, maganin ƙaiƙayi irin su Piriton bisa awon da ma'aikacin lafiya ya faɗa yakan kwantar da shi, amma a zuba masa ido. In kuwa murya ta dishe, ko tari ya sarƙe shi, ko numfashi na fita da ƙara, ko harshe ya kumbura ya kasa haɗiyar yawu, ko ya yi ta amai ga borin jini, ko jiki ya saki ya yi laushi, ko ya suma, to ba sauran jira. Wannan shi ne mai kisa, kuma cikin mintoci yake yi. Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya. Piriton ba ya buɗe maƙogwaro. Kada a ɗura masa manja, kada a ɗura masa nono, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a tsaya neman jiƙo ko hayaƙi. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, in yana amai ko ya suma a juya shi gefe, amma kada a tsayar da shi, kada a ce ya taka da ƙafarsa. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, addu'a a yi ta a hanya. Kada a ce sai maigida ya dawo daga kasuwa. Maigida, ba da wannan izini tun yau. Da isarku ku faɗi abin da ya ci da lokacin da ya ci. Ko ya warware bayan allura, ku zauna sai an sallame ku, don yakan dawo bayan wasu awanni.

A ƙasashen da suka ci gaba iyaye suna yawo da wannan allura a jaka, mai kamar biro. A nan tana da tsada da wuyar samu, saboda haka shirinmu shi ne sanin inda za mu nufa. Duk mai irin wannan yaro, ina roƙonsa cikin makon nan ya taka zuwa asibitin da ya fi kusa da shi ya tambaya ko suna ajiye adirenalin, da kuma wanda ake samu da dare. Ya karɓi lambar mai mota ko mai babur ɗin unguwa ya ba matarsa. Yau da daddare kuma, in an zauna cin tuwo, a faɗa wa mutanen gida.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.